SAN ƘASAR GONARKA: Rarraba Ƙasa da Zana Taswira a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

An shirya wannan takarda domin manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu. Tana bayani a kan yadda ake rarraba ƙasa gida-gida bisa ga halinta, da yadda ake sa ta a taswira, da dalilin da ya sa aikin ya shafi mai eka biyu kamar yadda ya shafi gwamnati. Wanda ya iya karatu ya karanta wa 'yan'uwa a dandali. Akwai aikin da za a yi da fartanya da kwalba da igiya, saboda haka kada a karanta a ajiye.

MENE NE RARRABA ƘASA?

Ƙasa ba ɗaya ba ce. Gona guda ma sai ka tarar gabashinta ya yi dawa har ta gagari yaro, yammacinta kuwa ko gwiwa ba ta kai ba, alhali iri ɗaya aka shuka, rana ɗaya, da taki ɗaya. Rarraba ƙasa shi ne a duba ruwan saman wuri, da irin ƙasarsa, da zurfinta, da gangarensa, da itatuwa da ciyawar da ke fitowa a kansa, sa'an nan a haɗa wuraren da suka yi kama da juna a ba su suna ɗaya. Daga nan sai a faɗi abin da kowane gida ya dace da shi, da abin da ba zai iya ɗauka ba. In aka zana wannan a takarda, an sami taswira ke nan.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun ce jigawa, sun ce jangargari, da laka, da fadama, da fako, da marmara, kuma kowane suna yana ɗauke da hukuncinsa. Ba mai kai gyaɗa cikin laka, ba mai kai rake kan marmara. Abin da masana suka ƙara shi ne awo da rubutu, don wanda ke ofis a Katsina ko Abuja ya ga abin da mai gona ke gani.

INA MUKE A TASWIRA?

A shekarar 1949 wani Baturen gandun daji mai suna Keay ya raba Nijeriya ɗamara-ɗamara bisa ga itatuwa da ciyawa, kuma har yau da rabonsa ake koyarwa a makarantun aikin gona. A Arewa akwai Sahel can bakin hamada, sai Sudan, sai Gini ta Arewa, sai Gini ta Kudu. Katsina da Daura suna cikin Sudan, ƙasar gero da gyaɗa da wake. Sabuwa da Faskari suna cikin Gini ta Arewa tare da Funtuwa da Zariya, inda ruwan shekara yakan kai milimita 1,000, watau inci 40, wani lokaci ya ɗara. Ƙanƙara tana bakin gaɓa ne: kudancinta ya fi kama da Faskari, amma in ka nausa arewa wajen Ɗanmusa sai ka ga sabara da kalgo suna ƙaruwa, damina kuma tana raguwa. Shi ya sa shawarar da ta yi daidai a Sabuwa ba lalle ta yi daidai a arewacin Ƙanƙara ba. Masara mai kwana 120 tana da wurin sakewa a Damari ko Machika. Wanda ke arewa, in shuka ta yi masa latti, gara ya nemi mai kwana 90.

Akwai wani abu da taswira ke nunawa wanda ido ba ya gani daga gona. Mu a kan tudu muke, a saman ruwa. Kogin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara. Watau ruwan da ya sauka a kanmu ba ya zama, wucewa yake yi, kuma in ba a tare shi ba da ƙasarmu yake tafiya. Jan ruwan da kake gani a rafi bayan an ɗauke ruwan sama, gonar wani ce a cikinsa. Ita ce ke zuwa ta kwanta a gindin madatsu irin na Mairuwa tana rage musu ciki. Inci ɗaya na ƙasar sama kuwa sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin ya samu.

Dattawa sun tuna Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Ba da ka aka zaɓi wannan yanki ba, an duba ruwansa da ƙasarsa aka ga za su ɗauki masara da auduga. Auduga dai tsohuwar sana'a ce, tun zamanin Turawa akwai gonar irin auduga a Daudawa. Amma masara a da 'yar bayan gida ce, ta gasawa. Shirin ne ya fito da ita fili da sabon iri da takin zamani mai araha, har ta zama abin da ke cika kasuwar Ɗandume. An ci riba ƙwarai. Sai dai masara mai ci ce, kuma da ta yi kuɗi sai aka kai ta ko'ina, har wuraren da ba nata ba. Aka daina barin saura, aka sassabe gangare, aka tumɓuke kututture don tarakta da garmar shanu. Gwamnatin Tarayya ta sa an zana taswirar daji da gonaki ta ƙasa baki ɗaya a 1976 zuwa 1978, aka sake wata a 1993 zuwa 1995, da aka gwada su sai aka ga gona ta ci daji sosai. Yau ga taki ya yi tsada, ga ƙasa ta gaji, tilas mutum ya san inda zai zuba buhunsa.

Tsarin da ya fi shahara a duniya na Amurka ne. A shekarun 1930 fari da guguwa sun kwashe ƙasar gonakin tsakiyar ƙasarsu, saboda sun nome dajin ciyawa da bai kamata a taɓa ba, dubban iyalai suka yi ƙaura. A 1935 suka kafa hukumar kiyaye ƙasa, daga baya suka raba ƙasa aji 8. Aji na 1 zuwa na 4 ana nomawa, kowane aji da ƙarin kulawa a kan na gabansa. Na 5 zuwa na 8 kuwa na kiwo ne da itatuwa da namun daji. Tsarin yana da amfani, amma an yi shi ne da manyan gonaki da injuna a zuciya. In aka bi shi ido rufe, fadamar da ruwa ke kwanciya a kanta kowace damina za ta faɗo ƙasa-ƙasa, ita kuwa a wurinmu ba abin da ya kai ta daraja. Don haka a 1976 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da wata hanya. Ba a cewa ƙasa mai kyau ce ko marar kyau sai an tambaya: kyau ga me? Ga shinkafa, ko ga gero, ko ga shanu? Wannan ita ce hanyar da za mu bi a nan.

DAGA DUTSE ZUWA RAFI

A wannan yanki namu ƙasa tana da jeri. In ka tsaya gindin dutse ka gangara har rafi, kusan kullum abu ɗaya za ka tarar, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko akwai dutsen kansa da gindinsa, da tudun marmara. Ƙasar nan ba ta da zurfi, fartanya tana ƙara in ta sauka. Geza da doka da gajeruwar ciyawa ke riƙe da ita. Wanda ya sassabe ta zai ci shekara biyu ko uku yana murna, sa'an nan ruwa ya wanke ɗan abin da ke sama, ya bar masa tsakuwa. Ba shi kaɗai zai yi hasara ba. Ruwan da daji ke tarewa a da yanzu zai sauko da gudu a kan gonar na ƙasa da shi, kuma yawancin kwazazzabai daga nan suke farawa. Wannan wuri na itace ne da kiwo da amya. A bar shi haka.

Sai gangaren sama, mai tsakuwa ko jar ƙasa marar kauri. Yana ɗaukar dawa da gero da wake da gyaɗa, muddin an yi huɗa a gicciye. Ba wurin zuba kamfa mai yawa ba ne, don kashi mai tsoka na takin maƙwabcinka na gangare zai ci.

Daga nan sai tsakiyar tudu, jangargari mai zurfi, shimfiɗaɗɗe ko mai ɗan gangare kaɗan. Nan ne rumbun gida. Masara da auduga da waken suya da dawa duk suna yi. In kana da buhu biyar na taki, huɗu nan ya kamata su tafi. Abin da aka saba ba da shawara ga masara a wannan ɗamara shi ne buhu 8 na kamfa mai lamba 15-15-15 da buhu 2 da rabi na yuriya a kadada ɗaya, watau eka biyu da rabi. Mun san ba kowa ke da halin wannan ba. To, in takinka na eka ɗaya ne, yi masarar eka ɗaya a mafi kyawun wuri, sauran ka sa dawa da waken suya. Ya fi ka barbaɗa shi a eka uku kowace ta fito rawaya.

Amma ita ma wannan ƙasa tana da ciwo biyu. Na ɗaya, tana da laushi kamar gari, in ruwa mai ƙarfi ya doke ta rana ta fito sai ta yi ɓawo a sama, tsiro ya kasa fasawa, ruwa na gaba kuma ya zame ya wuce. Na biyu, ba ta da ruɓaɓɓen ganye da yawa a jikinta, kuma in aka daɗe ana ba ta yuriya tsura sai ta yi tsami. Maganin duka biyun ɗaya ne: takin gargajiya, kashin shanu da na awaki da shara da toka, da barin kara da ganye a gona maimakon a ƙone. Takin zamani yana ciyar da shuka ne, na gargajiya shi ke gyara ƙasa, ba a musanya ɗaya da ɗaya.

Ƙasa da wannan akwai gindin gangare, inda launi ke komawa toka-toka, danshi kuma yana daɗewa. Rogo da dankali da shinkafar tudu da mangwaro suna jin daɗinsa. Masara takan yi a shekarar ƙarancin ruwa, amma a shekara mai ruwa sai ta tsaya ta yi ja a watan Agusta. Wanda ya san haka ba zai zargi iri ko mai sayar da taki ba.

Daga ƙarshe sai fadama, baƙar laka mai tsagewa da rani, mai jema da giginya. Shinkafa da damina, irin su FARO 44, sai rake, sai tumatir da albasa da barkono da rani. Abu biyu za a kiyaye. Kada a nome har bakin rafi, a bar taku goma ko fiye na ciyawa da itatuwa su riƙe gaɓa, in ba haka ba rafi zai riƙa cin kunya ɗaya ɗaya kowace shekara. Kuma a tuna fadama ita ce mashayar dabbobi da rani tun kafin a kawo injin ban ruwa. In aka toshe hanyar shiga, an shuka rigima.

Fako kuwa ba gida ba ne a cikin jerin, ciwo ne, yana iya fitowa ko'ina. Ƙasa ce da aka wanke mata sama ta daskare. Ana farfaɗo da ita da ƙananan ramuka da rani, a zuba taki cikin kowane rami, a jera duwatsu a gicciye. Manoman ƙasar Tawa a Jamhuriyar Nijar sun dawo da fako mai yawa ta wannan hanya tun shekarun 1980, da ruwan da bai kai rabin namu ba.

YADDA ZA KA GWADA GONARKA

Fara da rami. A kowane ɓangare da ka ga ya bambanta, haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, kamar zuwa ƙugu, ko har inda ka ci karo da dutse ko marmara. Gyara bango ɗaya da wuƙa ka duba. Baƙi-baƙin da ke sama nawa ne kaurinsa, taƙi ɗaya ne ko ɗan yatsa? Saiwa har ina ta kai? In ka iske marmara kafin ramin ya kai gwiwa, ba wurin masara ko auduga ba ne. In ƙasar ciki ja ce wur har ƙasa, ruwa yana wucewa lafiya. In kuwa toka-toka ce da ɗigo-ɗigon tsatsa, ruwa yana kwanciya a nan da damina, ko da ka same ta a bushe yau. Ka rufe ramin in ka gama saboda yara da dabbobi.

Sa'an nan gwajin hannu. Ɗebi ƙasa cikin tafi, ka jiƙa ta kaɗan, ka murza. Wadda ta ƙi dunƙulewa jigawa ce. Wadda ta dunƙule, ta yi tsawo kamar igiya, amma ta karye da ka lanƙwasa, ita ce matsakaiciya, wadda aka fi so. Wadda ta lanƙwasu har ta zama zobe ba ta tsage ba, laka ce.

Mai son ya gani da ido ya sami kwalba mai haske, ya zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku, ya cika da ruwa, ya sa ɗan garin sabulu, ya girgiza sosai ya ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya. Garin ƙasa mai laushi zai hau kansa cikin awa biyu. Laka sai ta kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane hawa shi ne rabonsa a gonarka. In hawa na tsakiya ya yi kauri, kana da ƙasa mai yin ɓawo.

Awon gangare ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Ido yana ruɗi, gonar da ka rantse shimfiɗaɗɗiya ce tana iya samun gangaren da zai kai ta rafi a hankali. Ari tiyo mai haske irin na magina, ka cika shi da ruwa, ka ɗaura bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu alamar santimita. Kafa sanda ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, tsakaninsu mita 10. Karanta tsayin ruwa a kowace sanda, ka ɗebe ƙarami daga babba. Bambancin santimita 10 shi ne gangare 1 cikin 100. In bai kai santimita 20 ba, huɗa a gicciye ta isa. Daga 20 zuwa 50, sai an ƙara da layin gamba ko jema ko jeren duwatsu kowane taku 20 zuwa 30. In ya haura 50 a matso da layukan kusa, a ƙara itatuwa. Wanda ya wuce mita ɗaya a cikin goma kuwa, noman shekara-shekara zai cinye shi, gara a mai da shi garka ta itatuwa ko wurin ciyawa.

Da wannan tiyo ɗin ake fitar da layin huɗa. Bar sanda ɗaya a wurinta, ka riƙa matsar da ɗayar sama ko ƙasa har ruwa ya tsaya lamba ɗaya a duka biyun, ka kafa turke, ka ci gaba. Layin zai fito a karkace kamar tafiyar maciji. Mai garmar shanu zai yi gunaguni, don miƙaƙƙen layi daga sama zuwa ƙasa ya fi masa sauri. Kada ka biye masa, shi kuɗin yini yake nema. Ana kuma ɗaure kunya da 'yar ƙasa a cikin kwari kowane taku biyu ko uku don ruwa ya tsaya ya shiga. Wannan yana taimako a farkon damina da shekarar fari, amma a laka ko a tsakiyar Agusta a buɗe ɗaurin kada shuka ta nutse.

Ciyawa ma shaida ce. Gamba da kyasuwa masu tsayi suna nuna ƙasa da sauran ƙarfi. Ƙarangiya ta jigawa ce. Tumfafiya da sabara in suka yi yawa inda a da babu su, ƙasa ta gaji. Wuta-wuta kuwa, wadda wasu ke kira ƙuduji, ba ta da aminiya kamar gajiyayyar gona da ake maimaita wa dawa ko masara. A irin wannan wuri a juya da waken suya ko auduga, don suna sa ƙwayarta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. A tuge ta kafin ta yi fure. Daga cikin irin masara na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru masu sunan SAMMAZ akwai masu jure mata, a tambayi malamin gona.

ZANA TASWIRA

Wani zai ce, tun da gwamnati na da taurarin ɗan'adam, me zai sa in wahala? Gaskiya ne tun 1972 Amurka ta harba tauraron Landsat mai ɗaukar hoton ƙasa, Nijeriya ma ta harba nata na farko a 2003. Suna nuna inda daji ya ragu da inda kwazazzabo ya buɗe. Amma ga lissafi. A taswirar safiyo mai ma'aunin 1 cikin 50,000, santimita 2 kilomita guda ce, gona mai kadada ɗaya kuwa faɗinta milimita 2 ne, ƙwayar gero ke nan. A mai ma'aunin 1 cikin 250,000 ko tsinin allura ba ta kai ba. Tauraro ba ya haƙa rami, bai san wane ne ya dasa ɗorawar nan ba, bai san ta ina shanu ke bi zuwa ruwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sami babbar takarda ko bayan kwali. Sa gabas a inda kuka yarda, ka rubuta. Zagaya iyakar gona kana ƙirga taku, ka zana, ka rubuta sunan maƙwabci a kowace kusurwa. Sa hanya da rijiya da suri da dutse. Sa kowane babban itace da sunansa, kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da gawo da kuka. A nan a tambayi uwargida, ita ta san wace kaɗanya ke haihuwa, wace ɗorawa ce ta kalwa mai kyau. Ja kibiya ta nuna inda ruwa ke shigowa da inda yake fita. Sa'an nan ka raba cikin gonar bisa ga abin da ramukanka suka nuna, ka rubuta sunan kowane ɓangare da Hausa ko da ajami, yadda ka saba kiransa. A bayan takardar kuma, kowace kaka, rubuta abin da ka shuka a kowane ɓangare, da takin da ka sa, da dami ko buhun da ka samu. Bayan damina uku takardar da kanta za ta gaya maka inda kuɗinka ke dawowa da inda yake nutsewa.

Taswirar gona ɗaya ba ta isa ba, don ruwa bai san iyaka ba. In na sama bai tare ba, aikin na ƙasa banza ne. Saboda haka mai unguwa ko dagaci ya tara jama'a, da manoma da makiyaya da mata da masu saran itace, a zana ta gari duka a ƙasa da toka da tsakuwa, kowa ya gyara, sa'an nan wani ɗan makaranta ya kwafe a takarda. A sa burtali da mashaya da makiyaya da maƙabarta da kurmi da wurin ɗiban yashi. A ƙasar Ƙanƙara a sa ramukan farar ƙasa, a ware su daga gonaki da hanyar dabbobi. Inda ake haƙar zinariya kuma a nisanta wurin niƙa dutse daga gida da rijiya. A 2010 gubar dalma daga irin wannan niƙa ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, maƙwabciyarmu.

ABIN DA HUKUMA KE YI DA TASWIRA

Da taswira ake yanke shawarar da ke zuwa ta same ka har gona. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba da ikon keɓe makiyaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon gona a karkara. A ƙarƙashin wannan doka, in hukuma ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da ake biya ta abin da ke kan ƙasar ce, watau amfanin gona da itatuwa da gini da rijiya. Ka ga ke nan amfanin takardar da ta ƙirga itatuwanka. Ba ita ce shaidar mallaka ba, amma mai ita ya fi wanda ya zo da baki kawai.

A Disamba 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar amincewa da ɗaga gandayen daji goma zuwa gandun ƙasa, dajin Kogo na wannan yanki yana cikinsu. Wanda gonarsa ke kusa da gandun daji ya nemi ma'aikatan daji su nuna masa turakun iyaka tun kafin ya sa gatari. A ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, don gyaran ƙasar da ta lalace. Tsarinsa bin magangarar ruwa ne daga tudu zuwa rafi, kamar jerin da muka bi a sama. Garin da ya zo da taswirarsa, ya nuna ga kwazazzabon da ke cin gonaki, ga inda ya faro, ga mutanen da suka yarda su yi aiki, ya fi saurin samun kunne.

Ba za a rufe ido ga abin da kowa ya sani ba. Shekaru da dama rashin tsaro ya raba mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku da gonakinsu na nesa. Gonakin bakin gari sun sha noma ba hutu, na daji kuwa sun koma saura, iyakokinsu sun ɓace cikin ciyawa, wasu dattawan da suka san su sun rasu ko sun yi ƙaura. Kada kowa ya sa ransa cikin haɗari don awon gona. Inda ba a iya zuwa, a zauna da dattawan da suka rage a zana daga abin da suka tuna, da sunan itace da suri da rafi, maƙwabta su sa hannu, a ajiye ɗaya wurin dagaci. Ranar komawa, wanda ya tarar gonarsa ta huta ta yi ƙarfi kada ya share ta ƙaf. Ya zaɓi 'ya'yan itatuwa masu amfani da suka tsiro, ya bar mafi ƙarfin reshe ɗaya ko biyu a kowane kututture, ya sassabe sauran.

Lokacin wannan aiki shi ne bayan an kwashe amfani, daga Nuwamba zuwa Janairu, kafin ƙasa ta yi tauri, gona kuma a buɗe take ana ganin gangare. Turakun layin huɗa da jeren duwatsu a gama su kafin watan Mayu. Gamba da jema sai ruwa ya zauna ake dasa su. In ka gama taswirarka, kai wa malamin gona na KTARDA da ke yankinku ku duba tare. In kana son a auna tsamin ƙasar a ɗakin gwaji, ɗebi kaɗan-kaɗan daga wuri goma a ɓangare guda, zurfin taƙi ɗaya, ka gauraya, ka shanya a inuwa, ka ƙulla rabin mudu a leda mai tsabta da sunanka da sunan ɓangaren a jiki. Kada ka haɗa ta tudu da ta fadama a ƙulli ɗaya.